Bayani a kan Tsamin Ƙasa, da Itacen da Taki Ke Kashewa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya bambanta ɗabi'unta, Ya sanya wa kowane tsiro mazaunin da ya dace da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, da fatake da masu rumfa a kasuwa, ga wata mas'ala da ta daɗe tana rikita masu lambu a bayan gida. Mutum biyu su sayi dashe a hannun mai sayarwa guda, su dasa rana guda, su riƙa ban ruwa daga rijiya guda. Na wannan ya yi kore shar, na wancan ya yi rawaya ya tsumbure, har ya mutu. Sai ka ji ana cewa wane ba shi da hannun shuka, ko kuwa a ce baki ne ya kama lambun. Alhali sau da yawa dalilin yana ƙarƙashin tafin ƙafarsa, watau yawan tsamin ƙasar ko ƙarancinsa.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen yanzu shi ne, 'ya'yan wani ɗan itace na ƙasar Amurka, wanda ake kira bulubari, sun fara shigowa manyan kantunan Legas da Abuja cikin 'yan kwanonin roba, da tsadar gaske. Wanda duk ya ga kuɗinsu sai ransa ya biya, ya ce bari ya nemi dashen ya kafa a gida. To, kafin mutum ya kwance bakin jakarsa, ya kamata ya san halin wannan itace, gama babu wani tsiro da ya kai shi koya wa manomi sha'anin tsamin ƙasa. Wanda ya fahimci karatun nan kuwa, zai amfane shi ga albasarsa da tumatirinsa da gyaɗarsa, ko da bai taɓa ganin bulubari da idonsa ba.

Fasali na ɗaya: ma'anar tsami da ma'auninsa

Kowace uwargida ta san in miyar yakuwa ta cika tsami, sai a jefa mata 'yar kanwa, tsamin ya kwanta. Ashe ke nan tsami da kanwa abokan gāba ne, kowanne yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Lemun tsami da tsamiya da nono suna gefe guda, kanwa da ruwan toka da sabulu suna ɗaya gefen. Ƙasa ma haka take. Akwai mai karkata wajen tsami, akwai mai karkata wajen kanwa, akwai ta tsaka-tsaki.

A shekarar 1909 wani masani na ƙasar Danmak, mai suna Soransan, ya ƙago ma'aunin wannan abu. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14, ana rubuta sunansa da haruffan boko biyu, pH. Lamba 7 ita ce tsakiya, nan tataccen ruwa yake. Duk abin da ya kasa 7 mai tsami ne, abin da ya ɗara 7 kuwa ya shiga ɓangaren kanwa. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, ruwan tsamiya wajen 3, nono ya ɗara 4 kaɗan, ruwan sama mai tsabta kamar 5 da rabi, ruwan kanwa kuwa wajen 10.

Amma fa ku lura, ku ma'abota lissafi: matakan ma'aunin nan ba ɗaya-ɗaya suke hawa ba, goma-goma suke ninkawa. Ƙasa mai lamba 5 ta fi mai lamba 6 tsami sau goma, ta fi mai lamba 7 sau ɗari. Saboda haka kada wani ya ce ai tsakanin 5 da 7 biyu ne kawai. Tazarar da ke tsakaninsu irin ta naira ɗaya da naira ɗari ce.

Yawancin abin da muke shukawa a lambu, kamar albasa da tumatir da kuɓewa da alayyafo, sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Rogo da abarba da dankalin Turawa suna jure tsamin da ya fi haka. Ganyen shayi, irin wanda ake nomawa a tsaunin Mambila, ba ya yi sai a ƙasa mai tsami sosai. Magarya kuma tana jure ƙasa mai kanwa da gishiri wadda wasu itatuwa ke gudu. Bulubari kuwa mazauninsa tsakanin 4.5 ne da 5.5. Kowane allazi da nasa amanu.

Fasali na biyu: yadda aka gano halin bulubari

Shi dai bulubari ɗan itace ne mai rassa da yawa daga gindi, tsayinsa kamar na mutum ko ƙasa da haka. 'Ya'yansa ba su fi magarya girma ba, launinsu shuɗi mai duhu kamar rinin baba, suna da zaƙi da ɗan tsami. Asalinsa na daji ne a Amurka ta Arewa. Mutanen ƙasar na asali, tun kafin zuwan Turawa, suna tsinkarsa, su shanya, su kirɓa shi da busasshen nama da kitse, ya zama guzurin tafiya da abincin lokacin sanyi.

Turawa sun daɗe suna ƙoƙarin mai da shi na gida, abin ya faskara. Sukan tono shi daga daji, su kai shi lambu mafi kyau, su zuba masa taki, su barbaɗa masa farar ƙasa kamar yadda suke yi wa sauran shuke-shuke, sai ya mutu. Har aka yanke cewa shi itace ne da ba ya zama a hannun mutum.

Sai wani masanin tsirrai na ma'aikatar gona ta Amurka, Firedirik Kobil, ya soma bincikensa a 1906. Ya dasa wasu a ƙasar lambu mai taki, wasu kuma a yashi gauraye da ruɓaɓɓen ganye irin na dajin da itacen ke fitowa. Na ƙasar taki suka lalace, na ƙasar da kowa ya raina suka yi kyau. Da ya auna, sai ya tarar ƙasar dajin nan mai tsami ce ƙwarai. Ya kuma duba saiwar, ya ga siririya ce kamar zare, ba ta da 'yan gasun nan da saiwar sauran tsirrai ke tsotson abinci da su. A maimakonsu akwai wata irin funfuna da ke zaune cikin saiwar tana taya ta samun abinci. Ya buga abin da ya gano a 1910.

Wata mace mai suna Elizabet Hwait, 'yar wani babban manomi a jihar Niyu Jasi, ta karanta rubutun nan. Gonar ubanta tana cikin yankin yashi mai tsami inda bulubari ke fitowa da kansa. A 1911 ta aika wa Kobil takarda, ta ce ya zo ga fili. Ta kuma sa mutanen daji, waɗanda suka san kowane kurmi na wurin, su nemo mata bishiyoyi masu manyan 'ya'ya, tana ba su lada, tana raɗa wa itacen sunan wanda ya gano shi. Ilmin malami ya haɗu da sanin mutanen ƙauye da jarin mai gona. A 1916 suka kai amfanin farko kasuwa. Daga wannan gona nomansa ya bazu cikin duniya.

Ku dubi wannan al'amari da kyau. Masu lambun farko ba rowa suka yi wa itacen ba, alheri suka yi nufi, suka ba shi mafi kyawun abin da suka sani. Sai dai abincin wani gubar wani.

Fasali na uku: abin da tsami ke yi wa saiwa

Ku ɗauka ƙasa gida ce mai rumbuna da yawa, kowane rumbu da irin abincin da ke ciki, tsami kuwa shi ke riƙe da mabuɗan. Cikin abincin da tsiro ke bukata har da ƙarfe, ɗan kaɗan, wanda sai da shi ganye ke yin kore. Ƙarfe yana da yawa a ƙasarmu, shi ne ma ya ba jar ƙasa launinta. Amma in ƙasa ta karkata wajen kanwa, ƙarfen nan ba ya narkewa cikin ruwa, saiwa ba ta iya shansa. Wasu tsirrai suna da dabarar ɓalle wannan rumbu, bulubari kuwa rago ne a nan. Da ƙasa ta haura 6, sai ya zauna da yunwa a kan abinci.

In kuma tsami ya yi yawa, ya gangara ƙasa da 5, sai wani rumbun ya buɗe wanda gara a ce yana rufe. Sinadarin alminiyam, wanda ake ƙera tukwanen dalma na zamani da shi, yana cikin kowace laka. Tsami mai yawa yana narkar da shi, ya ƙone kan saiwar masara da wake da albasa, ta gajarce ta kumbura. Ya kuma ɗaure sinadarin da ke cikin takin sufa, har manomi ya zuba taki da kuɗinsa shuka ba ta samu ba.

Ga alamomin da mai lambu zai duba. In sababbin ganyen kan reshe suka yi rawaya alhali jijiyoyinsu na nan kore, to yunwar ƙarfe ce, alama ke nan ƙasa ta yi wa tsiron kanwa. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka koɗe gaba ɗaya har jijiya, wannan yunwar taki ce. In bakin ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta, kuma farin ɓawo ya fito bisa ƙasa bayan ta bushe, to gishiri ne ya taru. Kowace cuta da maganinta, wanda ya ba da na wannan a wurin waccan ƙara wa mara lafiya ciwo ya yi.

Fasali na huɗu: halin ƙasarmu

Yawancin gonakin tudu na ƙasar Hausa suna da ɗan tsami kaɗan, tsakanin 5 da rabi da 6 da rabi. Inda ruwan sama ya fi yawa, kamar tsaunin Jos da Mambila, ruwa yakan wanke sinadaran da ke kashe tsami, saboda haka ƙasar can ta fi tamu tsami. Jigawar yashi ma, irin ta wajen Yamai, takan yi tsami domin ba ta da lakar da za ta riƙe su. Baƙar lakar firki ta wajen Tafkin Cadi kuwa tana tsaka-tsaki ko ta karkata wajen kanwa.

Cikin rahamar Ubangiji, hazon hunturu da muke kuka da shi yana yi wa gonakinmu aiki. Ƙurar nan, wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, tana ɗauke da sinadaran da ke rage tsami, tana barbaɗa su bisa gonaki kowace shekara ba da ko kwabo ba.

Hannun mutum ma yana juya ƙasa. A Samaru ta Zariya an kafa wani gwaji tun 1950, ana zuba wa wasu fegi takin zamani, wasu kashin shanu, wasu duka biyu, shekara da shekaru. Aka ga fegin da aka dinga zuba wa takin salfa shi kaɗai ya yi tsami har amfaninsa ya ragu, wanda ake haɗa wa da kashin shanu kuwa ya fi riƙe ƙarfinsa. Takin yuriya ma yana kawo tsami, sai dai bai kai salfa ba. Wannan gargaɗi ne ga duk wanda ya yar da takin gargajiya ya dogara ga buhu.

Ƙasar cikin gida kuwa labarinta dabam ne. Shekara nawa ana zubar da tokar murhu a bayan ɗaki, ana kwarara ruwan wanki mai sabulu, kaji da awaki suna kwana, ɓaraguzan siminti suna faɗuwa gindin katanga? Duk waɗannan ɓangaren kanwa suke ja. Shi ya sa takin juji, wanda jakuna suka daɗe suna fitarwa cikin mangala daga birnin Kano zuwa gonakin karkara, yake gyara gonar da ta gaji: toka ce cike da shi. Amma abin da ya sa ya zama magani ga gonar dawa, shi ne ya mai da bayan gida wuri mafi muni ga bulubari.

Fasali na biyar: yadda ake auna ƙasa

Gwada ƙasa ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Ibnul Awwam, malamin noma na birnin Ishbiliya a Andalus, wanda ya rayu a ƙarni na 6 na Hijira, ya bayyana cikin Kitabul Filaha yadda ake haƙa rami, a ɗebi ƙasa, a dama ta da ruwa mai daɗi, a bari ta kwanta, sa'an nan a sansana ruwan a ɗanɗana. Harshe yana gane gishiri da ɗaci. Sai dai ba ya iya rarrabe 5 da 6, kuma ba ma shawartar kowa ya ɗanɗani ƙasar cikin gari saboda ƙazanta.

Mai son ya ga aikin tsami da idonsa, ko ya nuna wa almajirai, ya jiƙa zoɓo, ya tace, ya raba ruwan kofi biyu. Ya matsa lemu a ɗaya, sai ja ya ƙara haske. Ya ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, sai ya yi duhu ya juya wajen kore. Takardar awo ta zamani ma da irin wannan hikima take aiki. Amma zoɓo shi kansa mai tsami ne ƙwarai, tsaminsa yakan danne na ƙasa, saboda haka ya isa misali, bai isa ma'auni ba.

Gwaji na farko mai sauƙi shi ne a ɗebi busasshiyar ƙasa a faranti, a matsa mata lemun tsami. In ta yi kumfa tana ƙara, akwai garin dutsen farar ƙasa a cikinta, ta haura 7 ke nan. Irin wannan ƙasa kada mutum ya wahalar da kansa wai zai mai da ita mai tsami, gama duk abin da ya zuba dutsen nan zai shanye.

Gwaji na biyu da takardar awo ake yinsa, wadda ake samu wurin masu sayar da kayan gwaji da na kiwon kifi. A haƙa wuri biyar ko fiye cikin lambun, zurfin taƙi guda, a ɗebi kaɗan-kaɗan, a gauraya, a shanya a inuwa, a tsince tsakuwa. A zuba awo ɗaya na ƙasa da awo biyu na tataccen ruwa cikin kofin gilashi, a dama sosai, a bari rabin sa'a. Tataccen ruwan nan shi ne wanda masu gyaran mota ke ƙara wa batir. A tabbatar an faɗa wa mai sayarwa wanda ba shi da asid ake so, domin ɗayan yana ƙone fata da tufafi. Sa'an nan a tsoma takardar, a gwada launinta da jadawalin da ke jikin kwali. Wanda zai sa jari mai yawa kuwa, ya kai ƙasarsa ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ko na hukumar INRAN a Nijar. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Fasali na shida: gyaran ƙasa

In ana son ƙara wa ƙasa tsami, maganinta farar wuta ce, wadda 'yan koli ke sayarwa. A daka ta lukui, a kiyaye ido, a nisanta ta da wuta domin tana kamawa. Ita kanta ba ta da tsami. Wasu ƙananan halittu ne na cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, suke cinta su mai da ita ruwan tsami, kuma ba sa aiki sai da laima da ɗumi. Don haka a zuba ta farkon damina, a kafce ta shiga ƙasa, a sake awo bayan kaka, kafin a dasa kome. Domin sauko da ƙasa mataki guda, kamar daga 5.5 zuwa 4.5, yashi yana cin kimanin giram 40 a kowace murabba'in mita, ƙasa mai matsakaiciyar laka kimanin giram 120, laka sosai kuwa fiye da haka. In itace ya riga ya kafu, kada a wuce giram 40 a zubi ɗaya. Wanda ya ga shiru bayan mako biyu ya ƙara, to in aikin ya taso gaba ɗaya zai ƙone saiwar. Sauri ya haifi nawa.

Wasu sukan yi amfani da alam na tace ruwa domin aikinsa na da sauri. Gaskiya ne yana da sauri, amma alminiyam ne a cikinsa, in ya taru ya zama guba. Asid ɗin batir kuwa kada ma a kusanto da shi lambu.

In kuma ƙasa ce ta cika tsami, mutum yana son albasa ko tumatir, maganinta niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, irin dutsen da ake haƙa a Kalambaina da Ashaka da Malbaza domin yin siminti. A lura, dutsen ake nufi kafin a gasa shi, ba simintin ba. In bai samu ba, tokar itace ta wadatar, ko da yake ƙarfinta kamar rabin na dutsen ne ko ƙasa da haka. A barbaɗa giram 50 zuwa 70 a murabba'in mita sau ɗaya a shekara, a cuɗa da ƙasa. Kada a yi da tokar juji da aka ƙone roba da batura a ciki. Kada kuma a gauraya toka da yuriya ko salfa, gama ƙarfin takin zai tashi iska, har ka ji warinsa yana hawa hanci. Kanwa kuwa, ko da yake tana kashe tsami, gishirin da ke cikinta yana toshe ƙasa ya mai da ita fako. Wurinta tukunya ne da turken doki.

Fasali na bakwai: shuka a tukunya, da zancen ruwa

Tun da ƙasar gida ba ta dace da bulubari ba, hanyar da ta rage ita ce a yi masa tasa ƙasar dabam. A nemi randa ko rabin duro mai cin lita 40 zuwa 50, a huda gindinta ruwa ya riƙa fita. Randar ƙasa ta fi, domin tana sanyaya saiwa, baƙar roba kuwa tana dafa ta a rana. Tukunyar siminti ba ta yi. A cika da zaren ɓawon kwakwa wanda aka wanke gishirinsa, da tsohon garin katako da ya ruɓe, da yashi, da 'yar farar wuta, a jiƙa, a jira, a auna. Saiwarsa sama-sama take, ba ta son fartanya, ba ta son bushewa, ba ta kuma son kwana cikin ruwa. A rufe bakin tukunyar da garin katako ko ƙaiƙayin shinkafa. Takinsa salfa ne kaɗan-kaɗan. Ga shi nan, takin da ya gajiyar da fegin Samaru shi ne abincin wannan itace. Toka da kashin kaji kuwa a nisanta su da shi.

Ruwa ma sai an duba. Rijiyoyi da burtsatse da yawa ruwansu yana ɗauke da narkakken dutsen farar ƙasa. Alamarsa farin ɓawon da ke kamawa cikin butar shayi, da sabulu da ba ya saurin kumfa. Irin wannan ruwa, in ana zuba shi kullum, sannu a hankali zai kashe tsamin tukunyar, bayan 'yan watanni ganye ya soma rawaya, mai shi yana mamaki. Ruwan sama da aka tara daga indararo shi ne mafi kyau. In ya ƙare, a ɗiga ruwan lemu cikin na rijiya, ana gwadawa da takarda har ya sauko wajen 5 da rabi, kuma kowane ban ruwa sai an sake.

Fasali na takwas: nasiha ga mai saye da mai sayarwa

Ko an gyara ƙasa da ruwa, saura sharaɗi guda wanda kuɗi ba sa saye, shi ne sanyi. Kobil ya gano itacen nan sai ya sha sanyi ya yi barci kafin ya yi fure. Irin arewacin Amurka yana bukatar sa'o'i 800 zuwa 1000 na sanyin da ya kasa digiri 7 a kowace shekara. Babu garin da ke ba da wannan a ƙasar Hausa, ko Jos ba ta bayarwa. Daga baya masana a jihar Fulorida suka fitar da ire-iren da ke wadatuwa da sanyi kaɗan. Da irin waɗannan ne ƙasar Peru, wadda ba ta san nomansa ba a da, ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da shi tun daga 2019. A hamadar bakin teku suke nomansa, da yawa cikin buhuna da tukwane, da ruwan da aka gyara tsaminsa. Maroko da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe ma suna kai shi Turai. Amma hamadar Peru iskar teku mai sanyi ke busa ta, ba ta san bazarar Kano da Sakkwato ba, inda zafi ke haura digiri 40.

Hukuncin ke nan: mazaunin tsaunin Jos ko Mambila yana iya gwada tukunya biyu ko uku na iri mai son sanyi kaɗan, da kuɗin da in sun salwanta ba za su hana shi barci ba. Mazaunin Kano ko Katsina ko Damagaram kuwa kada ya sa uwar kuɗinsa a ciki. Mai son irin waɗannan 'ya'yan marmari ya dubi abin da aka riga aka jarraba. Manoman Caha, kusa da Bom a tsaunin Jos, suna noman sitiroberi suna tsinka lokacin hunturu, shi kuwa tsakanin 5.5 da 6.5 yake so, ba shi da tsananin sharaɗi irin na bulubari, sai dai ba ya jimirin hanya in babu sanyi. Mutanen Kudan ta ƙasar Zazzau sun yi suna da inabi. Magarya da ɗinya da tsada da kanya kuma suna nan, ba su taɓa neman farar wuta a wurin kowa ba.

Ku kuma masu sayar da dashe, kun fi kowa sanin hukuncin ɓoye aibi a ciniki. Wanda ya sayar wa mutumin Gusau dashen da ya san ba ya 'ya'ya sai da ƙanƙara, ya yi shiru, bai sayar masa da itace ba, ganye ya sayar masa. Wajibi ne ya faɗi sunan irin, da ƙasar da yake so, da sanyin da yake bukata, sa'an nan mai saye ya zaɓa da idonsa buɗe. Mai saye shi ma ya tambayi waɗannan abubuwa uku, in mai kaya ya kasa amsawa, ya mai da kuɗinsa aljihu.

Malamai kuma, ga ɗan aiki mai lada. Kwalin takardar awo guda ya isa unguwa. In aka koya wa manyan almajirai biyu ko uku yadda ake ɗibar ƙasa da karanta launi, sai su auna wa masu lambun fadama da na bayan gida kafin a zuba taki, kowa ya san ko toka ƙasarsa ke nema ko kuwa ta ƙoshi da ita. Falke ba ya karɓar kaya sai ya ɗora a sikeli, mai lambu ma ya auna kafin ya dasa.

Allah Ya sa albarka cikin gonakinmu da lambunanmu da kasuwancinmu, Ya ba mu damina mai amfani, Ya tsare mu daga hasara. Allah ne Mafi sani. Haza wasalam.